Yadda za a kare fentin gaban mota daga tsakuwa a hanyar Kagoro

Bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu na jawo matafiya daga Kaduna, Jos da Abuja. Da yawansu kan koma gida da tabo a bonet da bamba.

Tayoyin motar da ke gaba, musamman tifa da tirela, su ke watso tsakuwa. Gwargwadon gudun mota, gwargwadon zurfin tabon. Idan tabo ya kai ga ƙarfe, tsatsa kan kama wurin da zarar damina ta sauka, abin da ke rage darajar mota a kasuwa.

Babbar kariya ita ce barin tazara mai yawa a bayan manyan motoci, tare da rage gudu a inda kwalta ta fashe ko ake gyaran hanya.

Ana kuma iya manna wa gaban motar leda ta musamman mai kare fenti. Mai amfani da salatif na masu fenti ya cire shi da isarsa, domin rana na ƙafar da gam ɗin.

Kada a goge ƙurar hunturu da busasshen tsumma, domin tana kankare fenti. A fara zuba ruwa. Tabon da ya riga ya fito kuma a kai wa mai fenti ya toshe shi kafin ruwan farko.