Tsabtar gari a Yamai: doka tana nan, wa take hawa?

Ruwan sama na sa'a guda ya isa ya tsaida kasuwa a Yamai. Magudanai sun cika da rairayi da leda, ruwan wanka na kwarara daga gidaje zuwa tsakiyar hanya, kuma da wuya a sami unguwar da babu wani fili da mai shi ya saya ya yi watsi da shi, har maƙwabta suka mai da shi bola. In aka tambayi jama'a sai su ce ƙasar ba ta da doka. Alhali dokoki suna nan a rubuce, wasu sun haura shekara 30. Abin dubawa shi ne yadda ake zartar da su, da kuma mutanen da suke hawa.

Abin da doka ta shimfiɗa

Tun zamanin Turawa akwai ma'aikatan tsabta masu shiga gida-gida suna leƙa randuna don neman ƴaƴan sauro, irin waɗanda a ƙetaren iyaka ake kira duba-gari. Amma babban kundin tsabtar jama'a na Nijar shi ne doka mai lamba 93-13 ta ranar 2 ga Maris 1993, wadda aka sa wa hannu a ƙarshen mulkin riƙon ƙwarya da ya biyo bayan Taron Ƙasa. Kundin ya hana zubar da shara da ruwan ƙazanta a kan hanyar jama'a, ya wajabta wa mai gida tanadin salga da ramin tara ruwan wanka, ya kuma ba ma'aikatan tsabta ikon shiga gidaje da wuraren sai da abinci su duba. A 1999 aka fitar da ƙa'idojin aikin ƴan sandan tsabta. Ranar 5 ga Nuwamba 2014 doka mai lamba 2014-63 ta haramta sarrafa leda maras kauri, da shigo da ita, da sai da ita. A 2022 kuma aka kafa sabuwar doka kan kiwon lafiya da tsabtar jama'a.

Shekara 10 da ƴan kai bayan haramcin, har yanzu a cikin baƙar leda ake ƙulla wa mutum tumatur a kasuwar Katako, kuma ita ce ke toshe magudanai.

Sanda tana hannun wa?

Kundin ƙananan hukumomi na 2010 ya ɗora wa magajin gari nauyin kula da tsabta, da zaman lafiya, da kariyar jama'a a cikin garinsa. Birane huɗu ne ke da matsayi na musamman: Yamai da Damagaram masu da'ira biyar-biyar, Maraɗi mai uku, Tawa mai biyu. A watan Afrilu 2024 hukumomin soja suka rusa zaɓaɓɓun majalisu, suka naɗa shugabannin riƙo, nauyin kuma ya koma kansu.

A takarda aikin hawa-hawa ne. Ma'aikaci ya zo ya gani da idonsa, ya rubuta. A ba mai laifi gargaɗi tare da wa'adin gyara. In wa'adi ya cika bai gyara ba, a ci shi tara, a ba shi takardar shaidar biya. In ya ci gaba da taurin kai, a rufe wurin sana'arsa ko a kai shi gaban alƙali. Kowane mataki yana da amfaninsa: gargaɗi na ba mutumin kirki damar gyara ba tare da asara ba, takardar shaida kuwa ita ce ke raba tara da cin hanci. Duk tarar da aka karɓa babu takarda, baitulmalin gari bai gan ta ba, kuma wanda ya biya ya sayi izinin sake laifin gobe.

Sai dai garin ya tsere wa masu kula da shi. A ƙidayar 1988 mutanen Yamai ba su kai 400.000 ba, a ta 2012 sun zarce miliyan ɗaya. An yanka filaye, unguwanni sun tashi, magudanai da wuraren tara shara ba su biyo baya ba. Matar da ke zaune inda babu magudana, motar shara ba ta zuwa, sai ɗan amalanke da take biya daga aljihunta, ina za ta kai ruwan wanki? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hukumar da ba ta kwashe shara ba, bakinta ba ya da nauyi ranar cin tara.

Katafila ta san shago, ba ta san kango ba

Ƴan kasuwa ba su manta da shekarar 2016 ba. A lokacin gwamna Hamidu Garba, katafila ta bi manyan titunan Yamai ta rusa dubban shaguna da rumfuna, da sunan ƙawata birni kafin taron ƙolin Tarayyar Afirka da aka yi a watan Yuli 2019. Hanya ta jama'a ce, wannan babu musu. Amma da yawa daga cikin waɗanda aka tasa sun ce shekara da shekaru suna biyan kuɗin wuri da patanti ga ma'aikatar magajin gari. Hannun da ya karɓi kuɗi jiya, shi ya nuna wurin rusawa yau.

Wannan aiki ya nuna cewa in hukuma ta so, tana iyawa. To, me ya sa ƙarfin nan bai kai ga mai fili da ya bar shi kango shekara 10 yana jiran tsada, ko mai gidan haya da ya karkato da bututun salga cikin magudana, ko wanda ya aza gini a kan hanyar ruwa? Ɗan tebur yana bakin titi, kowa na ganinsa. Mai kango sai an buɗe littafin filaye kafin a san sunansa, kuma sau da yawa suna ne da ƙaramin ma'aikaci ke tsoron rubutawa.

Yadda ake kama mai gida

Tun da tsarin mulkin garuruwanmu daga na Faransa aka ɗauko shi, ya dace a duba yadda can ake bi da ginin da ke neman faɗuwa. Magajin gari na ba mai gida umurnin gyara a rubuce, da wa'adi. Daga nan ƴan haya su daina biyan kuɗin haya har sai an gyara. In ya ƙi, tara na hawa kansa kowace rana, kuma gari na iya yin aikin da kansa ya bi shi bashin kuɗin. Hikimar ita ce an taɓa aljihun mai dukiya, an bar wanda ke zaune ciki.

Can ma sakaci na kisa. Ranar 5 ga Nuwamba 2018 benaye biyu suka rufta a birnin Marsey, mutum 8 suka mutu, ga kuwa dokar tana nan tun kafin ranar. Sai bayan haka aka shiga duba gidaje, aka kwashe dubban mutane daga gine-gine masu haɗari.

Kuɗin sakaci

A nan gida lissafin ya fi nauyi. Cutar zawo da amai ta ɓarke a yankin Madarunfa a 2018, ta sake dawowa a 2021 ta bazu cikin jihohi da dama. Daminar 2024 ta ci rayuka kusan 400 a faɗin ƙasa, da yawa ta hanyar ruftawar gidaje; ranar 3 ga Satumba ta wannan shekara tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa na ƙarni na 19, ya faɗi. Ba hukuma ce ke saukar da ruwa ba. Amma bangon da ya tsage ana ganinsa tun da rani, magudanar da ta toshe ana iya yashe ta kafin watan Yuni, kuma kowane kwatami da aka bari gidan sauro ne.

Don haka ɗan kasuwa mai biyan lanho yana da haƙƙin neman abubuwa uku: a liƙa jerin laifuffuka da kuɗin tararsu a ƙofar kowace da'ira, kada a karɓi ko dala ba tare da takarda ba, kuma a faɗa wa jama'a abin da aka tara da inda aka kashe shi. Ma'aikacin gwamnati kuwa, wanda sau da yawa shi ne mai filin nan da ke jiran ritaya kafin a gina shi, ya kewaye shi ya share shi tun kafin a aiko masa da takarda. Ranar da gargaɗi ya isa ƙofar mai kango kamar yadda katafila ta isa ƙofar mai shago, ranar ce talaka zai yarda cewa dokar ta kowa ce.