Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwashe Kuɗi: Ƙwararrun Masu Otizim da Haƙƙin Guminsu

Uwar gida, idan kina da yaro mai lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga, na san addu'arki: ya yi magana, ya yi karatu, ya samu sana'a. To amma akwai wata tambaya da ke jiranki a gaba. Ranar da ya ƙware, wa zai ci moriyar ƙwarewar tasa?

Dubi Birtaniya. Wani rahoto da gwamnatin ƙasar ta fitar a 2024, ƙarƙashin jagorancin ɗan majalisa Robert Buckland, ya nuna cewa kusan uku ne kawai cikin goma na masu otizim da suka isa aiki ke da aikin yi. Waɗanda suka samu ɗin ma, albashinsu ya gaza na marasa nakasa da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Ba a kuɗi kaɗai abin ya tsaya ba, har da suna. Yau duniya na maganar “bambancin halittar ƙwaƙwalwa”, wato fahimtar cewa ƙwaƙwalwar mai otizim daban take aiki, ba lalatacciya ba ce. An daɗe ana jingina wannan fahimta ga mutum ɗaya, Judy Singer 'yar Ostareliya. Sai a 2024 wasu masana shida masu otizim suka rubuta a mujallar Autism cewa aikin gayya ne: masu otizim da dama ne suka tattauna shi a wani zauren imel da Martijn Dekker ɗan ƙasar Holan ya buɗe a 1996. Fiye da shekara ashirin ba a ambaton yawancinsu.

Me ke jawo haka? Da yawa daga cikinsu suna ɗaukar magana yadda aka faɗe ta. In shugaba ya ce “za mu duba maganar kuɗinka”, sai su zauna jira. Hayaniyar taro na iya hana su buɗe baki, sai su faɗa wa abokin aiki shawarar a gefe, gobe a ji ta a bakinsa a gaban manya. Ga son aiki: abin da suke ƙauna sukan kwana a kansa, sai a ɗauka daɗin da suke ji ya isa lada. Idan 2 ga Afrilu ta zo, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa otizim, akan gayyace su su ba da labarin rayuwarsu, a biya mai ɗaukar hoto da mai abinci, su kuwa a sallame su da tafi.

Kafin ki ce wannan matsalar Turai ce, leƙa tsakar gidanki. Yaron nan da ke gyara wayar kowa a unguwa, ko yarinyar da ke riƙe miki lissafin adashi ba kuskure, me ake ba su ban da “Allah ya yi albarka”? Albarka abar so ce, amma ba ta hana biyan lada.

Tun yanzu za ki fara. Koya masa tambayar “nawa za a biya ni, kuma yaushe?” kafin ya taɓa aiki, ku riƙa gwadawa a gida kamar wasa. Saba masa da rubuta shawararsa a saƙo mai kwanan wata, domin rubutu ba ya musu. In za ki kai shi koyon sana'a, a yi yarjejeniya da maigidan a gaban shaida: tsawon lokaci, da ranar da zai fara karɓar nasa. Idan baƙuwa ta yaba wani abu a gidan, ki ce, “Ai shi ya yi.” Yaron da ya saba jin sunansa a jikin aikinsa zai lura ranar da aka cire shi.

Idan kuma ke ce mai shagon ɗinki ko shugabar ofis, tambayi kanki: shawarar da ta kawo miki ciniki bana, daga bakin wa ta fara fitowa? Kin faɗi sunansa?