"Ai Rediyo Ce Ta Faɗa": Ina Iyakar 'Yancin Magana?

A gidanmu da ke Jahun, da zarar Baba ya shimfiɗa tabarma bayan sallar isha ya jawo 'yar rediyonsa, to shirin siyasa ya zo. A daminar 2022, shekarar da ruwa ya cinye gonaki tun daga yankinmu har Auyo da Haɗeja, ina zaune kusa da shi wani sojan baka ya shiga wata tasha ya ce wai da gangan aka sako ruwan dam don a hukunta garuruwan da ba sa yin wata jam'iyya. Mai gabatar da shirin bai ce masa ina hujja ba. Na ce, "Baba, anya kuwa?" Sai ya ce, "Kai Auta, ai rediyo ce ta faɗa."

Washegari zancen ya cika majalisu. Alhali duk manomin fadama ya san ruwan madatsun Tiga da Challawa ta kogin Haɗeja yake bi, kuma kacalla da yashi sun toshe hanyoyin ruwan. In aka yi damina mai ƙarfi, ruwa ba ya tambayar katin jam'iyya. Amma mutanen da suka rasa shinkafarsu sun kwana da ƙullin maƙwabtansu a zuci saboda magana ɗaya.

Tun ranar nake tambayar kaina: shin mutumin nan 'yancinsa ya yi amfani da shi, ko iyaka ya ƙetare? In ya ƙetare, wa ke da ikon taka masa birki?

Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa damar ya riƙe ra'ayinsa, ya karɓi bayani, ya kuma yaɗa shi. Sashe na 22 ma ya ɗora wa 'yan jarida aikin bin diddigin gwamnati. Sai dai sashe na 45 ya yarda a yi dokar da za ta rage wannan 'yanci saboda tsaro, zaman lafiya, lafiyar jama'a ko kare haƙƙin wani. Ka ga ke nan in mutum ya ce shugaban ƙaramar hukuma ya gaza, ra'ayinsa ne. In ya ce kayan tallafin ambaliya ba su iso mazaɓarsu ba, suka ce, ana iya bincikawa. Amma ya ƙirƙiri labari ya haɗa gari da gari faɗa, wannan kam ya wuce gona da iri.

Nauyin ya fi yawa a kan tashoshin gwamnati irin su NTA, Rediyon Najeriya da gidajen rediyon jihohi, domin da kuɗin jama'a ake tafiyar da su, har da na wanda bai zaɓi gwamna ba. Shi ya sa sashe na 95 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya hana amfani da kafafen gwamnati don fifita wata jam'iyya, ya ce a raba lokaci daidai, kuma a sa'o'i masu kama da juna. Wato ba a ba mai mulki ƙarfe takwas na dare, a tura ɗan adawa tsakar dare. Dokar ta kuma hana tallan 'yan takara awa 24 kafin ranar zaɓe. To 'yan uwa, mu faɗi gaskiya, sau nawa muka ji an bi wannan?

Mai sa ido a kan tashoshi ita ce hukumar NBC, wadda aka kafa a 1992. A watan Agustan 2020 aka ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga naira 500,000 zuwa miliyan 5. A nan ne gizo ke saƙar. A 2022 hukumar ta ci Trust TV tarar miliyan 5 saboda shirin bincike kan 'yan bindigar Zamfara. A 2023 ta ci Channels irin wannan tara kan hirar da ta yi da Datti Baba-Ahmed. Mutane da yawa suka ce anya ƙarya ake yaƙa, ko dai maganar da ba ta yi wa gwamnati daɗi ba? Ranar 10 ga Mayun 2023 Mai Shari'a James Omotosho na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya yanke hukunci a ƙarar da ƙungiyar Media Rights Agenda ta shigar: NBC ba kotu ba ce, ba ta da hurumin cin tara. Ba zai yiwu hukuma ɗaya ta zama mai ƙara kuma alƙali ba.

Gwamnoni ma sun gwada. A watan Oktoban 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe NTA Gusau da Pride FM da wasu tashoshi saboda sun ɗauki taron jam'iyyar PDP. NBC ta ce jiha ba ta da wannan iko, daga baya gwamnatin ta ba da haƙuri. Bayan 'yan watanni Dauda Lawal na PDP ɗin ya ci zaɓen gwamna. Duniya rawar 'yan mata ce: sandar da ka yanka don ɗan adawa, gobe tana iya sauka a bayanka. A Kano kuwa, a watan Mayun 2025 aka sanar da hana shirye-shiryen siyasa kai tsaye, da hujjar cewa zage-zagen sojojin baka sun yi yawa. Zagin kam akwai shi, babu mai musu. Amma in aka rufe bakin kowa saboda maƙaryaci, mai gaskiya ma ya rasa inda zai kai kuka.

Ni abin da na fahimta shi ne, iyaka tana nan, sai dai bai kamata mai riƙe da mulki ya zama shi ke shata ta ba. Wanda aka yi wa ƙazafi ya nemi tasha ta ba shi damar mayar da martani, ya kai koke NBC, ko ya tafi kotu. Ita kuma tasha ta koya wa ma'aikatanta tambaya ɗaya: ina hujjarka?

Mu ɗalibai ma da namu aikin. Yawancinmu mu ne 'yan bokon gidajenmu, mu ake miƙa wa waya a ce duba mana. In ka ji magana, tambayi kanka: wa ya biya kuɗin shirin? An ji ta bakin ɗaya ɓangaren? Wata tasha ta kawo labarin? Kada ka tura sautin a WhatsApp sai ka samu amsa. Kuma mu tuna da wannan lokacin zaɓen ƙungiyar ɗalibai, don abin da muke yi wa juna a guruf-guruf bai bambanta da na sojojin baka ba.

Hutun da ya wuce na tarar da Baba a kan tabarmarsa, wani yana ta rantse-rantse a rediyo. Ya juyo ya ce, "Auta, duba mana a wayar nan taka, wannan da gaske yake?"