Mene Ne Adana Saitin Na'urar Sadarwa?

Saiti shi ne jerin umarnin da ke nuna wa rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet, inda za ta tura saƙo. A na'urorin Cisco, gyaran da injiniya ya yi yana zama ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi. In bai adana ba, ana ɗauke wuta sai ya ɓace. Shi ya sa ake ajiye kwafi a wata kwamfuta, a mayar da shi idan an samu matsala. Wasu na cewa ɓata lokaci ne tunda na'ura na aiki ƙalau. Amma kuskuren saiti ne ya durƙusar da Facebook kusan sa'o'i shida ranar 4 ga Oktoba, 2021. Daga banki har mai POS a kasuwa, batun adana saiti ya shafi kowa.