Bayani Kan Inshorar Kayan Ɗaukar Hoto Domin Masu Sana'a Da Jami'an Ƙananan Hukumomi

A kusan kowane gari da ke da kasuwar mako a wannan jiha akwai mai ɗaukar hoto wanda jama'a suka dogara da shi a ranakun biki da suna da saukar karatu, da kuma hoton fasfo na cike takardu. Jarin irin wannan mutum yakan taru ne a cikin jaka guda, wato kyamara da gilasanta da batura da fitila, wani lokaci har da ƙaramar kwamfuta, ga firinta da janareta a shago. Haka kuma akwai jami'an yaɗa labarai na ƙananan hukumomi da ke ɗaukar hotunan ayyukan hukuma da kyamarorin da suka saya da kuɗin aljihunsu. Saboda waɗannan ne muka ga ya dace mu yi bayani kan inshorar irin wannan kaya, musamman ganin cewa kamfani ba ya biyan diyya sai a kan abin da aka rubuta a takardar yarjejeniya, kuma da yawa ba sa karanta takardar sai bayan asara ta auku.

Da farko, inshorar dukiya iri-iri ce. Inshorar gobara tana kare kayan da ke cikin ginin da aka ambata a takarda, kuma ambaliya da guguwa ba sa shiga cikinta sai an ƙara su. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 da ambaliyar Maiduguri a watan Satumba na 2024 sun isa su nuna cewa mai shago na buƙatar duka biyun. Ita kuwa inshorar fasa shago ko gida, galibi tana sharɗanta cewa ɓarawo ya shiga ne da ƙarfi, kamar ya ɓalle kwado ko ya fasa bango ko rufi. Wanda ya bar ƙofa a buɗe ya tafi masallaci, ya dawo bai tarar da kyamara ba, da wuya ya sami komai.

To amma mai hoto ba a shago yake yini ba. Kayansa na bisa babur, ko cikin cunkoson 'yan biki, ko a filin hawan sallah tsakanin dawakai. Wadda ta dace da shi ita ce wadda ake kira inshorar kowane haɗari, domin ita ce ke bin kayan duk inda aka kai su a cikin yankin da aka rubuta, ta kuma haɗa da sata da ɓata da faɗuwa. Sai dai sunan ya fi abin girma. Tsufa da cin aiki ba sa ciki, haka nan lalacewar da ƙurar hunturu ko danshin damina ke yi a hankali, da matsalar da na'ura ta samu da kanta ba tare da wani haɗari ba. Yawancin takardu kan cire kayan da aka bari a mota babu kowa, wasu kuma kan cire tarzoma sai an biya ƙari. Wajibi ne kuma a faɗa wa kamfani tun farko cewa da kayan ake neman abinci, domin wanda ya rubuta su a matsayin kayan gida alhali sana'a yake yi da su, ya ba kamfani hujjar ƙin biya. Haka batun yaran shago da 'yan'uwa masu aron kyamara: a tambaya ko suna ciki, a kuma nemi amsar a rubuce.

Inda muka fi son a tsaya a natsu shi ne ƙimar da ake rubuta wa kaya. Kyamara daga waje ake shigo da ita, don haka farashinta na bin dala. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya na kusan naira 460 a farashin hukuma, amma a cikin 2024 ta haura naira 1,500. Mu ɗauki misali da mutumin da ya sayi kaya kan naira 400,000, ya rubuta wannan adadi, yana sabuntawa kowace shekara ba tare da ya taɓa shi ba, har ƙimar kayan ta kai naira 1,000,000. Idan an sace su gaba ɗaya, ba zai sami abin da ya wuce 400,000 ba. Idan kuwa lalacewa suka yi, gyara ya ci 300,000, to akwai wani sharaɗi a yawancin takardu da ke ɗaukarsa a matsayin wanda ya kare kashi biyu cikin biyar na dukiyarsa kawai, saboda haka 120,000 za a lissafa masa. Daga ciki ma za a cire kason farko na asara wanda yarjejeniya ta ɗora wa mai kaya. Rage ƙima domin a biya kuɗi kaɗan dabara ce da ba ta da riba, kuma zuzuta ƙimar ma ba ta ƙara komai, tunda manufar diyya ita ce mayar da mutum matsayin da yake kafin asara. A tambaya kuma ko sabo za a saya ko za a cire kuɗin tsufa, domin bambancin na da yawa.

Mun san cewa da yawa daga cikin al'ummarmu na ƙaurace wa inshora saboda dalilin addini. Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma a 2016 kamfanonin Noor Takaful da Jaiz Takaful suka sami lasisi. A wannan tsari mahalarta na zuba gudummawa a asusu ɗaya domin a tallafa wa wanda asara ta faɗa wa, ba a juya kuɗin a harkar ruwa, kuma idan an sami rara ana iya rabawa. Sharuɗɗan da muka zayyana a sama dai suna nan a takaful ɗin ma.

Ga jami'an ƙananan hukumomi, kada a ɗauka cewa kyamarar ma'aikaci ta zama kayan gwamnati don kawai ya yi aikin ofis da ita. Idan ba ta cikin rajistar kadarorin hukuma, babu tabbacin wani zai biya idan ta lalace a wajen rangadi. Muna ba shugabannin sassa shawara su rubuta matsaya kan wannan kafin a fita aiki.

Kafin a biya ko sisi, a tabbatar kamfanin ko dillalin na cikin waɗanda NAICOM ta ba lasisi, a kuma karɓi rasit da takardar yarjejeniya. Sashe na 50 na Dokar Inshora ta 2003 ya tanadi cewa babu kariya sai an biya kuɗi, hukumar ta tsananta aiki da wannan daga Janairun 2013, kuma ko da yake sabuwar doka ta maye gurbin waccan a 2025, har yau a kan wannan ƙa'ida kamfanoni ke tafiya. Alkawarin baki na wakili ba ya zama inshora.

A rubuta lambar da ke jikin kowace kyamara da kowane gilashi, a ɗauki hotonsu, a ajiye kwafin tare da rasit a gida, ba a cikin jakar kayan ba. Wanda ya sayi na hannu ya karɓi takardar ciniki mai ɗauke da lambar da sa hannun shaidu. Idan sata ta auku, a kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa a karɓi takardar rahoton, a sanar da kamfani a rubuce cikin wa'adin da ke takarda, kuma kada a kai kayan da suka lalace wajen mai gyara kafin wakilin kamfani ya duba su. Wanda aka hana haƙƙinsa yana iya kai ƙorafi sashen karɓar koke-koke na NAICOM. Muna roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni su isar da wannan bayani ga masu ɗaukar hoto da ke yankunansu.