Tafkin Jabi: Wanne Ne Gaskiya Cikin Maganganun da Ake Yi a Kado?

Maganar da ta fi yawo a unguwar Kado ta Abuja, musamman idan damina ta kankama ruwan tafkin ya yi jawur, ita ce wai ruwan Jabi ake turo wa mutane a famfo. Ba haka ba ne. Gaskiya ne an datse ruwan tun farkon shekarun 1980 domin shayar da Abuja lokacin da ake gina ta, amma birnin ya fi ƙarfinsa tun tuni. Ruwan famfon yau daga madatsar Usuma yake zuwa, can wajen Ushafa a yankin Bwari, ana ƙara mata da na madatsar Gurara da ke jihar Kaduna, kuma sai an tace shi kafin a sako.

Masu cewa ruwan tafkin ba shi da tsabta kuwa, suna da gaskiya, kuma a nan ne hankali ya kamata ya tsaya. Tafkin a kwari yake, unguwanni sun kewaye shi. Duk ruwan saman da ya wanke kwatoci da garejin makanikai da juji, wani kaso nasa nan yake gangarowa, da leda da robobi da baƙin mai. Ba sai an zuba guba da gangan ba, kamar yadda wasu ke rantsuwa an yi. Sakacin yau da kullum ya isa. Shiga kwale-kwale da rigar kariya daban, wanka daban. Ruwa kwantacce irin wannan shi ne inda dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya yake samun wurin zama, kuma yara ne suka fi kamuwa. Ni dai ba zan bar yaro ya yi iyo a ciki ba, balle ya sha.

Batun kifi gajere ne. Akwai masunta a tafkin, amma ba su ne ke cika kasuwar kifi ta Kado ba. Akasarin kayan daga gidajen kiwon tarwaɗa suke, da na ƙanƙara, da busasshe da ake kawowa daga nesa. Ka tambayi mai sayarwa daga ina kifinsa yake.

Sai masu cewa tun da aka buɗe katafaren kantin Jabi Lake Mall a 2015 talaka ba shi da wuri a bakin ruwan. Sun wuce gona da iri, domin shekara da shekaru jama'a sun ci gaba da motsa jiki da shan iska a filin shaƙatawar da ke gefen tafkin. Amma fargabarsu ba ta banza ba ce: gine-gine da katangu sun cinye wani ɓangare na gaɓar. Haƙƙin mazauna Kado ne Hukumar Birnin Tarayya ta fito ta nuna iyakar filin da ya rage na kowa da kowa, Hukumar Kare Muhalli ta Abuja kuma ta riƙa gwada ruwan tana liƙa sakamakon a bakin ƙofar shiga.