BAYANI: Yadda ake zaɓen batirin litiyam, da lissafin da ke nuna ainihin tsadarsa

A ƙarshen watan Oktoban 2024, yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala. Kafin nan, a watan Afrilun shekarar, hukumar NERC ta ƙara wa masu rukunin Band A kuɗin wuta zuwa naira 225 kan kowane kilowat na awa ɗaya. Shi kuwa janareta, tun cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya zama kayan ado a gidaje da dama.

Waɗannan dalilai ne suka tura magidanta, masu shaguna da ɗalibai zuwa kasuwar sola. A can kuma kowa yakan ci karo da tambaya ɗaya: batirin ruwa da aka saba da shi, ko batirin litiyam da ya ninka shi kuɗi? Batir shi ne yawanci ya fi komai tsada a haɗin sola, kuma shi ne kayan da mai saye ba ya iya ganin cikinsa. Farashin da ke jikin akwatin ba ya nuna tsada ko araha, sai an yi lissafi.

Daga ina wannan batir ya fito?

Kamfanin Sony na Japan ne ya fara fito da batirin litiyam kasuwa a 1991, kuma a 2019 aka ba masana uku da suka share fagensa, John Goodenough, Stanley Whittingham da Akira Yoshino, kyautar Nobel a fannin kimiyyar sinadarai. Nau'in da ake sa wa a gidaje, wanda ake rubutawa LiFePO4 ko LFP, haɗi ne na litiyam da ƙarfe da fosfet, kuma ya samo asali ne daga binciken Goodenough da abokan aikinsa a Jami'ar Texas ta Amurka a tsakiyar shekarun 1990.

Ƙaramin batirin LFP mai bolt 12 ya yi farin jini sosai a Turai da Amurka wajen masu motocin nan da ake ƙerawa da gado da kicin da banɗaki, waɗanda iyali ke tafiya hutu su kwana a ciki. Irin wannan mota tana da batir biyu: ɗaya na tayar da inji, ɗaya na kunna fitilu, firji da famfon ruwa idan an tsaya a daji. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai, an daɗe ana taƙaita lasisin tuƙi na gama-gari ga motar da ba ta wuce kilo 3,500 ba, don haka kowane kilo yana da daraja. Batirin dalma mai 100Ah yakan kai kilo 25 zuwa 30, na LFP mai lamba ɗaya kuwa bai cika wuce kilo 13 ba.

Bukatar mai wannan mota da ta magidanci a Kano ko Gusau iri ɗaya ce: a tara wuta da rana, a sha ta da dare, a maimaita gobe. Bambancin shi ne Bature yana yin haka 'yan makonni a shekara don nishaɗi, mu kuwa kullum, don dole. Saboda haka kuskuren zaɓi ya fi yi mana ciwo.

Me lambobin jikin batir ke nufi?

Mai shago zai fara ambaton "Ah", wato yawan amfiya a awa. Wannan lamba ita kaɗai ba ta isa ba. Sai an ninka ta da bolt ɗin batirin kafin a san wutar da yake ɗauka. Batirin LFP mai bolt 12.8 da 100Ah yana ɗaukar wat 1,280 na awa ɗaya. Mai bolt 51.2 da 100Ah yana ɗaukar 5,120, wato kilowat 5.12. Dukkansu "100Ah" ne a bakin mai talla, alhali ɗaya ya ninka ɗayan sau huɗu.

Abu na biyu shi ne wutar da za a iya sha ba tare da an kassara batirin ba. Batirin dalma, har da dogon nan da ake kira tubula, ba a so a sauke shi ƙasa da rabi. Idan mai bolt 12 ne da 200Ah, wat 2,400 ke rubuce, amma 1,200 ne rabon mai shi. Batirin LFP kuwa ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na abin da ke cikinsa. Ke nan LFP guda mai 200Ah yana aikin da ya kusa na tubula biyu.

Lambar bolt tana kuma tona asirin abin da ke ciki. Kowace ƙwayar LFP bolt 3.2 ce, shi ya sa ake ganin 12.8 idan ƙwaya huɗu ce, 25.6 idan takwas ce, 51.2 idan 16 ce. Wanda aka rubuta masa bolt 48 daidai, sau da yawa ƙwaya 15 ce a ciki, kuma wutarsa kilowat 4.8 ce ko da an kira shi "mai biyar". Idan kuma aka ga 11.1 ko 14.8, to wani nau'in litiyam ne irin na waya da kwamfuta, wanda ya fi saurin kamawa da wuta idan ya yi zafi ko ya samu rauni.

Wane girma ya dace da gidanka?

Kafin zuwa kasuwa, a zauna da biro da takarda. A rubuta wat ɗin kowane kaya, a ninka da awannin da zai yi aiki bayan faɗuwar rana. Misali, fanka biyu masu wat 60 na awa takwas sun ci 960. Ƙwan fitila biyar masu wat 10 na awa shida sun ci 300. Talabijin mai wat 80 na awa huɗu ya ci 320. Cajin wayoyi da kwamfuta a ba su 150. Jimilla 1,730. Inbata ma tana cin nata rabon wajen juya wuta, don haka a ƙara kamar kashi 15 cikin ɗari, lissafi ya tashi kusan 2,000. Batirin LFP mai bolt 12.8 da 200Ah, wanda ke ɗaukar 2,560, zai riƙe wannan gida har gari ya waye.

Akwai kuma iyakar da mutane ke mantawa da ita. A cikin kowane batirin litiyam akwai wani allon lantarki da ake kira BMS, wanda ke gadin ƙwayoyin: yana yanke wuta idan caji ya yi yawa, ko batir ya sauka sosai, ko ya ɗauki zafi. Allon yana da iyakar abin da zai bari ya fita a lokaci guda. Idan iyakarsa amfiya 100 ce a batir mai bolt 12.8, ba zai ba da fiye da wat 1,280 ba, ko da batirin cike yake fal. Dutsen guga ko injin jan ruwa kaɗai na iya sa shi ya ɗauke. Wanda ke da firiza ko na'urar sanyaya ɗaki gara ya nufi tsarin bolt 24 ko 48.

Ta yaya ake gane ainihin farashi?

Ana auna rayuwar batir da zagaye, wato caji ɗaya da saukewa ɗaya. Kamfanonin LFP sukan yi alƙawarin zagaye 3,000 zuwa 6,000 kafin ƙarfinsa ya ragu zuwa kamar kashi 80 cikin ɗari. Zagaye 3,000, idan sau ɗaya ne a rana, ya haura shekara takwas. Batirin dalma kuwa daga 'yan ɗaruruwa ne zuwa dubu da wani abu, gwargwadon ingancinsa da kulawar da ya samu.

Lissafin shi ne a raba kuɗin batir da jimillar wutar da zai bayar a tsawon rayuwarsa. Ga misali da alƙaluman da aka ɗauka don sauƙin fahimta kawai, mai karatu ya sa farashin da ya tarar a kasuwa a madadinsu. A ce tubula mai 200Ah naira 300,000 ce. Tana ba da kilowat 1.2 a rana, ta yi zagaye 1,000: kilowat 1,200 ke nan, kowanne ya tashi naira 250. A ce LFP mai 200Ah naira 900,000 ne. Yana ba da kilowat 2 a rana, ya yi zagaye 3,000: kilowat 6,000, kowanne naira 150. Wanda ya ninka kuɗi sau uku a ranar saye shi ne ya fi araha a ƙarshe. Sayen nagari, in ji Bahaushe, mayar da kuɗi gida.

Sai dai duk wannan lissafi ya rataya ne a kan sharaɗi guda: batirin ya zama abin da aka ce shi ne. Idan wancan LFP ɗin ya mutu a zagaye 800, kowane kilowat ya haura naira 560, fiye da ninki biyu na tubula. A nan ne haɗarin kasuwar yake.

Ina ake cutar masu saye?

Masana'antu suna tace ƙwayoyin da suka ƙera. Waɗanda suka cika ma'auni su ne ake kira masu daraja ta ɗaya, waɗanda suka gaza kuma ana sayar da su da rahusa. Akwai kuma tsofaffin ƙwayoyi da ake cirowa daga motocin lantarki da rumbunan ajiyar wuta. Duk ana iya jera su a sabon akwati mai sheƙi, a manna takarda. A makonnin farko ba a ganin bambanci. Daga baya ƙwaya mafi rauni takan riga sauran sauka, BMS ya yanke wuta, batirin da ake zaton zai kai asuba ya ɗauke da tsakar dare.

Mai saye yana da hanyoyin kare kansa. Ya nemi takardar bayanan batirin, ya ga sunan kamfanin da ya ƙera ƙwayoyin da iyakar BMS. Ya tambayi shaidar gwajin UN 38.3, wanda ake bukata kafin a yi safarar batirin litiyam, da ta IEC 62619 ta amincin batiran ajiyar wuta. Ya ɗora shi a sikeli: ƙwayar LFP mai 100Ah kusan kilo biyu ce, don haka batir mai bolt 12.8 da 100Ah da bai kai kilo tara ba abin tuhuma ne, duk da cewa nauyi kaɗai ba hujja ba ne. Gwajin da ya fi kowanne shi ne a cika batirin, a jona masa kayan da aka san wat ɗinsu, a ƙirga awannin da zai yi. A yi wannan a makon farko, tun ciniki bai huce ba.

Garanti kuma a karɓe shi a rubuce, da rasit mai ɗauke da lambar batirin, a kuma san wanda zai cika alƙawarin: mai shagon, ko wani kamfani da ba shi da ofis a ƙasar. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar kai ƙorafi kan kayan da suka saɓa wa bayaninsu, amma ƙorafin da ba takarda ba ya nisa.

Zafi da caji

Masu motocin hutu a Turai sanyi suke tsoro, domin cajin litiyam ƙasa da digiri sifiri yana lalata shi, shi ya sa suke biyan ƙarin kuɗi don batir mai na'urar ɗumama kansa. Wannan kuɗi asara ne a Sakkwato ko Maiduguri. Matsalarmu zafi ce. Alƙawarin zagaye da kamfanoni ke bugawa an auna shi ne a kusan digiri 25, alhali a watannin Maris zuwa Mayu zafin garuruwanmu yana haura 40. Zafi yana tsufar da batir, don haka a ajiye shi a inuwa, inda iska ke ratsawa, nesa da kwanon rufi da janareta.

A kuma tabbatar inbata ta san litiyam. Batirin LFP mai bolt 12.8 ana cajinsa ne tsakanin bolt 14.2 da 14.6, kuma ba ya son cajin nan mai ƙarfi da wasu tsofaffin inbatoci ke yi wa batirin ruwa lokaci-lokaci. Ba a kuma haɗa shi layi ɗaya da batirin dalma.

Me ya sa saukin farashin duniya bai iso nan sosai ba?

A kasuwar duniya litiyam ya yi mummunar faɗuwa. A ƙarshen 2022 tan ɗaya na sinadarin litiyam da ake yin batir da shi ya kusa yuwan 600,000 a Sin, amma zuwa ƙarshen 2023 ya sauko kusan 100,000. Cibiyar BloombergNEF ta ƙiyasta matsakaicin farashin batir a dala 139 kan kowane kilowat a 2023, ya koma dala 115 a 2024. A daidai wannan lokaci ne naira ta tashi daga kusan 460 kan dala ɗaya a farashin gwamnati, kafin a sake ta a watan Yunin 2023, zuwa sama da 1,500 a 2024. Abin da kasuwar duniya ta rage, canji ya cinye, ga kuɗin jirgi da na fito a tashar ruwa da ribar dillalai.

Kusan duk ƙwayoyin LFP na duniya a Sin ake ƙera su, a kamfanoni irin su CATL, BYD da EVE. Dutsen da ake samun litiyam a cikinsa kuwa akwai shi a Nasarawa, Kaduna, Kogi da Kwara. A watan Mayun 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa shi ta kamfanin Avatar na 'yan Sin a Jihar Nasarawa, kuma Ministan Ma'adinai Dele Alake ya sha nanata cewa gwamnati ba ta son a ci gaba da fitar da ma'adinai ɗanye. A watan Disambar shekarar, binciken kamfanin dillancin labarai na AP ya nuna ƙananan yara suna aiki a ramukan haƙar litiyam da ba su da izini a jihar.

Tace dutse mataki ne na farko kawai. Tsakaninsa da ƙera ƙwayar batir akwai tafiya mai nisa, kuma a can ne ribar take. Har zuwa lokacin da za a cike wannan tazara, ɗan Najeriya zai ci gaba da sayen batir da farashin dala. Abin da ke hannunsa a yanzu shi ne ya shiga kasuwa da lissafinsa a rubuce, ya fito da rasit da garanti, ya kuma gwada kayansa kafin mako ya zagayo.